Ɗiyar Fari a Ajin Uwarta

Mutane kan ce ai ni na dace, tunda uwata malamar Turanci ce, wai tun daga nono na sha shi. Nakan yi dariya kawai. Nono kam na sha, amma na shanun kakata ne a wata ruga bayan Tsaskiya, kuma ban taɓa jin saniya ta yi Turanci ba.

Ni ɗiyar fari ce. Duk wanda ya san gidan Fulani ya san nauyin wannan: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, in da hali ma ba ta yi masa magana kai tsaye. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uwa. Ita nake kira Inna, uwata kuwa Adda nake ce mata, kamar wata yayata. A hannun Inna na iya tatsa da kaɗa nono, na yi firamare a makarantar da malamin Turanci ke zuwa ranar da babur ɗinsa ya ga damar tashi. Da na isa sakandare aka maido ni Safana gidan iyayena, aka sa ni makarantar da Adda ke koyarwa.

A gida sunana waccan. Ko mu biyu ne kaɗai a tsakar gida, Adda sai ta dubi ƙofar ɗaki ta ce a gaya wa waccan tuwo na ƙonewa. Wannan bai dame ni ba, haka na ga ana yi ko'ina. Wahalar ta zo ne da muka shiga aji biyar, aka ba ta ajinmu.

Kiran sunaye ta bar wa monita. In ana karatu a bayyane, layi-layi, kowa ya tashi ya karanta sakin layi ɗaya, da an zo kaina sai allo ya buƙaci gogewa, ko agogonta ya buƙaci dubawa, ta ce ta gaba ta ci gaba. Littattafan 'yan aji kan dawo jajur da gyara da bayani har gefen takarda, nawa kuwa maki ne kawai a cikin da'ira, kuma ba makin da za a nuna wa baƙo ba. 'Yan ajinmu suna cewa ni kam na huta, ba a taɓa tsayar da ni. Ina fa hutu! Makarantar koyon aikin jinya nake so tun ina ƙarama, kuma ko kin cinye sauran darussa, in ba ki da kiredit a Turanci ko ƙofar ba za a buɗe miki ba. A jarrabawar ƙarshen aji biyar na faɗi Turanci warwas. Na kai kuka wajen Baba, wanda ke koyarwa a Islamiyya. Ya ce shi dai addu'a ce tasa, Turancin gidan nan yana ɗakin uwata.

Da muka shiga aji shida sai Adda ta fito da wata dabara. Maƙwabcinmu tela ne, ɗiyarsa ƙawata ce, kuma ita ce ta ɗaya a Turanci a ajinmu. Adda ta aika gidansu cewa yarinyar na buƙatar ƙarin darasi bayan la'asar. Telan ya yi ta godiya, ko da yake bai gane abin da ya rage wa ɗiyarsa ba. Ranar farko aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, ƙawata ta zauna. Adda ta dubi sama ta ce a gaya wa waccan ta kawo waken nan ta tsince shi a nan, can babu haske. Na ɗauko faifai na zauna gefen tabarma.

Sai faɗa ya fara. Adda ta tasa ɗiyar tela gaba, ta tambaye ta wa ya koya mata rubuta wa shugabar makaranta wasiƙar neman izini kamar mai gaishe da kakarta. An ce ki nemi hutun kwana biyu, kin cika rabin shafi da ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina, har da yaya shanu. Shugabar makaranta shanu gare ta? Ƙawata ta zaro ido.

"Malama, wallahi ni ban..."

"Yi mini shiru ki saurara."

Ni na rubuta wasiƙar. A ganina rashin tarbiyya ne ka faɗa wa babba buƙatarka ba ka tambayi lafiyar gidansa da dabbobinsa ba. Ina zaune kunnuwana sun yi zafi, ina zubar da wake mai kyau ina barin tsakuwa a faifai. Baiwar Allah ɗiyar tela kuwa da kuka ta tafi gida ranar.

Kashegari ta gane, don ta ga yadda hannuna ke tsayawa cak duk lokacin da aka ɗaga murya. Daga nan ta saki jiki. Aka yi mata faɗan amsa tambaya ba a karanta labarin ba, da faɗan tsallake duk kalmar da ta yi tsawo, da faɗan kwafe sakin layi guda alhali an ce a taƙaita. Ta sunkuyar da kai ta ce ta tuba, ba za ta sake ba, tana harara ta ta gefen ido. In ban gane wani abu ba sai in taɓa ƙafarta da yatsa, ita kuma ta ce, Malama, a maimaita. In Adda za ta koya mata sabuwar kalma, jimlar misalin kullum a kan wata yarinya ce mai barin tuwo ya ƙone. Bayan darasi ƙawata kan ce kowane faɗa da ladansa, sai na dama mata fura da kindirmo mai kauri. Wake kuwa mun ci shi a zangon nan har ƙannena suka fara tambaya ko an daina sayar da shinkafa a kasuwa.

Makina ya ɗan motsa, amma bai kai ba. Ana cikin haka, kafin a yi rajistar jarrabawar fita, telan ya kwashe kekensa da iyalinsa ya koma Batsari, wai can ɗinki ya fi tafiya. Ranar da suka tafi na yi kuka biyu, na rabuwa da ƙawa da na rabuwa da malama, alhali malamar tana ɗaki tana ninke kaya.

Adda ta gwada zaunar da Baba a kan tabarmar. Ya daure kwana ɗaya, a na biyu ya tuna yana da ɗalibai a zaure. Ta koma karanta littafi da ƙarfi ita kaɗai, wai tana shirya darasin gobe, ni kuma ina tsintar wake. Amma iska ba ta amsa tambaya, kuma babu ƙafar da zan taɓa. Wata rana haushi ya ci ni, na ajiye faifai da ƙarfi, na dubi bango yadda take yi na ce kowa a garin nan yana da malamar Turanci ban da ni. Ta rufe littafi ta shige ɗaki. Na san na ɓata mata rai, ni ma kuma nawa a ɓace yake, don abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

A shekarar ne zaman ruga ya yi wuya, kawunnaina suka yi nisa da shanu, aka kawo Inna ta zauna da mu. To, ga inda abin ya ƙara cakuɗewa: Adda ma ɗiyar farin Inna ce. Ita ma ba a kiran sunanta, matar gidan nan ake ce mata. Inna kan kira ni ta ce in gaya wa matar gidan nan gishiri ya yi yawa a miya, alhali matar gidan na tsaye da ludayi a hannu. Adda kuma sai ta durƙusa ta ce, Inna, ɗiyarki ba ta karanta tambaya sau biyu kafin ta amsa. Inna ta ce to ita ina ruwanta, ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa karantawa ba. Ga idon uwarta a gida, kunyar Adda ta ninka, ko karatun da take yi wa iska ta daina. Jarrabawa na ta matsowa, ni kuma ina nan inda ɗiyar tela ta bar ni.

Inna ba ta da boko amma ta san ramar jikarta. Wata safiya tana shafa wa gwiwarta man zafi ta ce in faɗa mata abin da ke cina, ko wani yaro ne. Na ce ina ma yaro ne, da ya fi sauƙi. Na kwashe labari duka na ba ta, har da wasiƙar shanu da waken. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce ita dai ba ta ga laifin wasiƙar ba, shugabar ce ba ta da shanu, Allah ya ba ta. Na ce mata tsohuwa, ke dariya kike yi, ni kuwa aikin jinya zai wuce ni, in gwiwar nan ta matsa sai ki nemi mai yi miki allura. Ta ci gaba da shafa mai.

Bayan la'asar ta sa aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya. Adda na zaune bakin ƙofarta tana duba littattafan 'yan aji. Inna ta kira ni da muryar da take kiran shanu daga nesa.

"Ki gaya wa matar gidan nan, kunyar da uwata ta bar mini, da Fillanci ta bar ta. Da muka shigo cikin Hausawa muka ƙara da Hausa. Ban ji an yi maganar yaren Nasara ba. Ni kuma kunnena bai jin shi."

Ta karɓe faifan waken daga hannuna, ta juya mana baya, ta hau tsinta.

Adda ta ajiye littattafan 'yan aji. Can sai ta taso da littafi, ta zauna a kan tabarma, idonta a kan shafi, ta kira sunana. Wallahi sai da na waiwaya in ga wa ake kira, don ban san yadda yake fita a bakinta ba. Da Turanci ta ce in zauna in karanta sakin layi na farko. Na fara karantawa. Ban kai ƙarshen jimla ba ta tsayar da ni, faɗan da aka tara mini tun aji biyar ya sauko gaba ɗaya. Ranar na ji tausayin ɗiyar tela da gaske, na ga furar da na ba ta ta yi kaɗan.

Abin da ban zata ba shi ne ashe Adda mai surutu ce. Tunda ƙofa ɗaya aka buɗe mata, ta nan komai ya riƙa fitowa. Da Turanci take aike na, da shi take tambayar abin da na ci a makaranta, da shi ta ba ni labarin ranar da aka ɗauke ni zuwa ruga da yadda ta shiga bayan ɗaki don kar a ga fuskarta. Dole in amsa da shi, in na saka Hausa sai ta dubi bango in koma waccan. Ina son hirar, don haka na riƙa neman kalmomi kamar mai neman ɓataccen ɗan maraƙi. A aji dai ba ta fasa tsallake ni ba, allo bai daina buƙatar gogewa ba.

Da sakamako ya fito na je shagon masu kwamfuta aka buga mini. Turanci kiredit ne, na can ƙarshe, wanda ƙasa da shi faɗuwa ce, amma kiredit ne. Na iso gida Adda na wanke-wanke, Inna na kan tabarma. Na miƙa takardar. Adda ta goge hannu a zane, ta duba, ta miƙo mini ba ta dube ni ba.

"Inna, ɗiyarki ta sha da ƙyar."

Ta koma ta durƙusa gaban tukwane. Tana ba mu baya, a hankali, da Turanci, ta kira sunana ta ce na yi ƙoƙari, sannan ta ƙara kalmomi biyu. Inna ta tambaye ni me ta ce. Na ce cewa ta yi in ɗebo ruwa.

"Ɗiban ruwa ne ke sa ki hawaye? Faɗa mini gaskiya."

"Cewa ta yi, ɗiyata."

Inna ta dubi bayan Adda. Can ta jawo bakin zanena, ta rage murya ta ce yaya ake faɗin shi. Na ce da tsufanki za ki shiga boko, ga ba haƙora? Ta ce in bar iya shege in faɗa mata. Na faɗa, ta maimaita, na gyara, ta sake, harshen na ƙin juyawa. Ta yi ta gwada su ƙasa-ƙasa kamar mai tauna goro. Sannan ta gyara zama, ta ɗaga murya, ta faɗe su ga bayan matar gidan nan, a karkace, da ƙyar ake gane su.

Adda, wadda ba ta taɓa barin wani ya karkata kalmar Turanci a gabanta ba, ba ta gyara mata ba. Ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita tas, kafaɗunta suna rawa.