Akwatin Ammi Bukar Ba Ya Karɓar Marar Barci

Duk wanda ya taɓa zama a teburin Ammi Bukar, wato Baba Bukar, a bayan shagon shayin nan na Aziziyya a Jidda, ya san ba a jefa ɗan lido sai an gama tantancewa. Zai ɗauki ɗan mutum-mutumin da ka zo da shi, abin da bai fi babban yatsa ba, ya kai shi kusa da ido kamar ɗan sanda na duba iƙama, katin zaman baƙo, ya juya shi gaba da baya. Sannan ya tambaye shi, shi ɗin fa, ba kai ba: "Kana barci?"

Don iyayen da ba su san abin da 'ya'yansu ke yi a can ba, wasan labari ne. Mutum ɗaya ya riƙe labarin, sauran kowa ya zama wani a ciki, mayaƙi ko ɓarawo ko mai magani, ɗan lido ya raba gardama. Tebura da yawa ne a Jidda ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, har mutum kan ɗauki jaruminsa daga Aziziyya ya je ya ci gaba da shi a Madain Fahd. Shi ya sa ƙungiya ta faɗi irin wanda aka yarda a zama da wanda aka hana. Bukar ya bi dokokinsu kaf, ya ƙara tasa guda: wanda ba ya barci ba ya shiga akwatin da yake ajiye 'yan mutum-mutumin. A kan wannan dokar nake rubutu, domin tun kafin a naɗe tabarmar ta'aziyyarsa samarin suka fara raɗe-raɗin a binne ta tare da shi.

Direba ne shi a wani gida a Abhur. Yana kai 'ya'yan mai gida wasan, yana jira a bakin ƙofa yana saurare, har ya fi su iya labarin. 'Ya'yan suka girma suka watse, shi ya gaji teburin. Ni kuwa, Sambo, shayi ya kai ni. Karatuna bai wuce na gane lambar bas ba, kuma ɗan lidon nasu fuska ashirin gare shi, ni daga sha biyu nake fara rantsuwa. Babarbare ne shi, ni Bafulatani, don haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu zagi ba.

Wanda ya fara cin karo da dokar shi ne Faisal, ɗan Hajiya Rabi, wanda Hausarsa rabi ce, Larabcinsa kuma gudu. Ya zo da mutumin ƙarfe, ya yi masa fenti yana ƙyalli. Bukar ya yi masa tambayar. Faisal ya amsa da alfahari: "Ba ya barci, Ammi. Ba ya ci, ba ya sha. Shi zai yi mana gadi."

"Mayar da shi aljihu."

"Ammi, ƙungiya ta halatta shi, wallahi."

"Ƙungiya ce ke kwana da akwatin?" in ji Bukar. "In an tashi wasa kowa ya tafi gidan uwarsa, ni nake kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, in rufe, in tura ƙarƙashin gadona. Kana so in kwanta a kan wani yana zaune cikin duhu ido buɗe? Tunanin me yake yi har Juma'a? Ni ne kafili, mai ɗaukar nauyin duk wanda ya shiga akwatin nan. Halas, magana ta ƙare."

Haka ya kori jaruman nan na daji masu dogon kunne, da aka ce zama kawai suke yi su runtse ido. Ya ce wannan ba barci ba ne, laɓe ne.

Ni ma na gwada sa'ata. Kowane mako sai an kashe ni, saboda ban iya lissafi ba, sai na ce zan zama irin wanda ya mutu ya dawo, tunda ba a kashe mutum sau biyu. Ya dube ni daga rawani har silifa.

"Kai, Bafulatanin banza, kai da barci ke kwashewa kana riƙe da kofin shayi?"

Ya zaɓa mini mai dafa wa ayari abinci, ƙato mai tumbi, wanda aikinsa ya dafa ya kwanta. Ya ce a duk Jidda babu jarumin da ya kai nawa halatta. Na yi shekaru ina munshari a cikin labari da wajen labari, kuma ba a ƙara kashe ni ba, domin ko dodo ba ya kula ni.

Faisal ya kai ƙara. Sai ga Ustaz Majid, mai kula da teburan ƙungiya, wata Juma'a bayan la'asar, da tabarau da ladabi. Ya ce ba a yarda wani tebur ya ƙara doka ba. Ko Ammi ya janye, ko a cire teburin Aziziyya, jaruman yaranmu su zama ba su da shiga ko'ina. Yaran suka yi tsuru-tsuru, don wasu sun shekara suna renon nasu.

Bukar bai yi musu ba. Ya karɓi mutumin ƙarfen, ya kwantar da shi a tsakiyar sauran, ya rufe akwatin, ya ɗaure da igiya, ya miƙa wa Majid.

"Ɗana, kai shi gidanka. Ƙarƙashin gado, ba cikin mota ba. In ka dawo da shi ka ce a janye, na janye."

Majid ya yi dariya ya ɗauka. Ba a kai Juma'a ba ya dawo, da tsakar rana, ni da Bukar muna shan shayi. Idonsa ja wur. Ya ajiye akwatin a hankali kamar mai ajiye ƙwai, igiyar tana nan yadda aka ɗaure ta. Bukar ya kwance. Kowa na kwance, sai na ƙarfen a tsaye a kusurwa, fuskarsa sama, daidai inda kan mai gado yake.

Na ce, "Girgizar mota ce."

Majid ya ce, "A ƙafa na zo, Ammi Sambo."

Bai sha shayin ba. Daga ranar ƙungiya ta ce kowane tebur yana iya duba yanayin wurinsa. Bukar ya ce ai dama yanayin ƙarƙashin gado yake nufi.

Da Allah ya karɓi ran Bukar, 'yarsa Maryam ta aiko a kira ni, ta miƙo mini akwatin ta bayan labule.

"Baba Sambo, ya ce kai za a ba, don kai ko gini ya faɗo ba ka farkawa."

Na ce ko a mace bai bar ni ba. Ta yi 'yar dariya, sai muryarta ta canza. Ta ce tun rasuwar mahaifiyarta bai ƙara yin barcin kirki ba. Yana kwanciya dai don kada ta damu, amma duk lokacin da ta leƙa idonsa biyu. Ta taɓa tambayarsa dalilin dokar, ya ce mata: "Na san abin da mutum ke tunani in kowa ya yi barci ya bar shi. Ba zan yi wa ko roba haka ba."

Shekara da shekaru muna zagin juna, bai taɓa faɗa mini ba.

Juma'ar da ta biyo baya na kai akwatin shago. Samarin sun cika, Majid zai riƙe labari, Faisal kuma ya riga ya ajiye mutumin ƙarfensa a kan tebur, yana cewa Allah ya ji ƙan Ammi, amma yalla, a ci gaba, zamani ya canza. Na kwance igiyar, ɗaurin Bukar ne, na san shi. Na ɗaga murfin.

Kowa na kwance. Sai guda ɗaya da ba mu taɓa gani ba, na itace, an sassaƙa shi da wuƙa: tsoho mai 'yar hula a karkace gefen hagu, yadda Bukar ya saba sa tasa. A tsaye yake.

Ba wanda ya ce girgizar mota ce. Ni ma a ƙafa na zo.

Faisal ne ya miƙa hannu. Ya ɗauke shi ya kai kusa da ido, ya ce da Hausarsa ta rabi: "Ammi, kana barci?"

Sai yaron ya zaro hankici daga aljihu, ya shimfiɗa a kusurwar akwatin, ya kwantar da tsohon a gefensa na dama, ya rufa masa. Ya ɗauki mutumin ƙarfensa ya mayar aljihu, ya ce a ba shi aron wani mai tumbi irin nawa.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona yanzu. Kowace safiya ina buɗewa, kada ku ce tsoro ne, dubiya ce. Har yau yana kwance.

Ya Allah, bawanka Bukar ya daɗe ido biyu. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da mai ɗakinsa, ka ba shi barcin da ya yi ta nema wa wasu. Amin.