Sunan da Kakata Ta Ƙi Kamawa

Shekarun baya, lokacin da nake neman auren matata a Kazaure, baffanta ya ɗora mini wani aiki da ya kusa zautar da ni. Ya ce wa waliyyaina sun san mahaifina, kakana ma sun ji daga Roni ya taso, amma shi kakan nawa ɗan wane ne? Sai an kawo wannan za a sa rana. Ga wani manemin kuma yana ta zarya a gidan.

Na ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Ashe ban san dawan garin ba.

Mahaifina ya rasu ina goye, kakana ya bi shi ba da jimawa ba, a dangin mahaifiyata na tashi. Ita ta ce ba ta sani ba. Na hau mota sai Babura wurin gwaggona. Ta zaunar da ni awa biyu tana zuba: wai bafatake ne mai raƙuma, wai ya taɓa kwana a rijiya da kura bai ji ko ƙwarzane ba. Na ce, "Gwaggo, sunansa fa?" Ta ce, "Yo mu Malam Tsoho muka taso muka ji ana cewa." Wani dattijo a ƙofar gidan ya ce ƙarya ne, maharbi ne. Kowa ya san abin da ya kashe, babu wanda ya san abin da aka raɗa masa!

Aka tura ni Roni, gidan wani liman da ya gaji takardun ajami a gafaka, inda kakansa yake rubuta duk jaririn da ya yi wa huɗuba, wane ɗan wane. Muka wuni muna buɗa takardu, gara ta ci gefensu, ni ina ta atishawa. Muka sami masu sunan kakana har huɗu, kowanne da ubansa daban. Ɗaya daga iyayen ma sunanmu ɗaya, har na yi dariya. Liman ya ce, "Ni ba zan yi maka canke a kan nasaba ba. Nemo wanda ya san shi."

Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta gan shi da idonta: kakata, matar kakana, a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Gaskiya ba na son zuwa wurinta. Duk jikokinta maza tana tsokanarsu, wannan mijinta, wancan angonta marowaci. Ni kuwa in na zo sai ta gyara lulluɓi, ta sa a shimfiɗa mini tabarma, ko abinci ba ta ci a gabana. Tun ina yaro na yanke cewa ba ta ƙaunata.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Ta saki baki.

"Ni? In kama sunan surukina? A ina ka taɓa ji?"

Na ce, "Iya, mutumin nan ya fi shekara hamsin a ƙasa."

"To mutuwa tana cire kunya ne?"

Na ce ta raɗa mini a kunne, ta ƙi. Na ce ta faɗa wa maƙwabciya ita ta faɗa mini, ta ce ai duk bakinta ne. Na zaro takarda na ce zan karanto huɗun, ta gyaɗa kai kawai. Ina farawa ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Wallahi ji na yi kamar in yi ihu. Ga kuɗin mota na ƙarar, ga aure yana neman kufce mini, ga amsa a bakin tsohuwa ta datse.

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce, "Da ma na sani ba kya so na. Kowa mijinki ne ban da ni. Tun da aka haife ni ko sunana ba ki taɓa kira ba!"

Ta sauke mayafin a hankali, idonta ya kawo ruwa.

"To ta yaya zan kira? Kakanka ne ya ɗora maka, ya bar ni da kai. In ce wa surukina mijina?"

Na zauna daɓas a tabarmar nan. Na zaga Babura da Roni da Gwiwa ina neman sunan da ke rubuce a katin da ke aljihuna.

Liman ya kwafo mini layin, aka sa rana, yanzu 'ya'yanmu uku. Har yau in na tuna wahalar nan sai na yi tsaki, don da magana ɗaya da ta hutar da ni. Amma abin da ya fi ci mini rai ba shi ba ne. Shekara talatin tana girmama ni, ni ina gaba da ita a zuci. Ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban san wanda ya riƙe shi da daraja kamarta ba.