Kitsen Malam Iliya

Da ana mayar da magana baki kamar yadda muke mayar da fayil kan kantar ajiya, da akwai kalmomi uku da na mayar tuntuni. Na furta su ne wata Talata da damina, ta tagar ɗakin kati, kuma har yau da na yi ritaya ranar ba ta fita raina ba. Domin ku da kuka gaje mu a wannan taga nake rubutawa.

Shekara talatin da biyu na yi a ɗakin kati na wani asibitin gwamnati a nan Kaduna ta Arewa. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne muke buɗe wa marar lafiya fayil, mu ba shi ƙaramin kati mai lamba, mu fito da fayil ɗin ranar ganin likita, mu adana shi bayan an gama. Idan mutum ya rasu, sai mu ja jan layi a bangon fayil ɗinsa mu sauke shi kantar ƙasa. Abin da ke ciki kuwa, doka ta hana mu faɗa wa kowa.

Amma a lokacin, marasa lafiya ne suke dawo da fayil da hannunsu. Likita yana da layi har baranda, mutanenmu kuma ga kunyar tambaya. Sai mutum ya ce "to, likita", ya fito bai gane komai ba, ya zo taga ya rage murya: "Malam, me ya rubuta?" Tun ina cewa ban sani ba, har na fara jin daɗin tambayar.

Da aka kawo mana kwamfuta aka ce mu riƙa shigar da sunan cuta, sai Matiron Saratu, shugabar nas-nas na ɓangaren tiyata, ta buɗe mana aji duk Alhamis bayan la'asar. Ta ce kalmar likita kamar akuya ce, da kai da wutsiya. Kai yana faɗa maka wane sashe na jiki ake nufi, wutsiya ta faɗa maka abin da ya same shi. Da wutsiyoyi ta fara. Idan kalma ta ƙare da itis, wurin ya kumbura yana zafi. Idan ectomy ne, an yanke abu an cire. Idan oma ne, ƙullutu ya tsiro.

Sati biyu na halarta. A na uku ta yi mini tambaya a gaban waɗanda ni na koya musu jera fayil, na kasa, aka yi dariya. Ban ƙara komawa ba. Na ce a raina, wanda ya riƙe wutsiya ai ya kama akuya. Ga shi kuma ni ne mai jan layi, na lura da yawa daga fayilolin kantar ƙasa suna ɗauke da wannan oma. Sai na yanke hukunci ni kaɗai cewa duk inda na gan shi, ciwon daji ne.

Malam Iliya mai wankin hula ne a Unguwar Shanu, shi yake wanke mini hulunana. Yana da ƙullutu a bayan kafaɗa, girman lemon zaƙi, ba ya masa zafi sai dai ya hana shi kwanciya rigingine. Ni ne ma na matsa masa ya zo asibiti. Wannan Talatar ya fito daga wurin likita ya miƙo mini fayil.

"Malam Haruna, yaron nan ya yi ta magana da sauri. Abin da na tsinta shi ne in dawo bayan sati biyu a yanka. Duba mini."

Na buɗe. Likita ya rubuta lipoma. Idona bai tsaya ko'ina ba sai a wutsiya. Na rufe fayil a hankali, na sauke numfashi, na ce, "Sai dai addu'a."

Ya dube ni. "Daji ne?"

Na gyaɗa kai.

"Ikon Allah. Kuma zai sa mini wuƙa? Ai daji ba ya son ƙarfe, ko yaro ya sani."

Nan ya kamata in ce ya koma ya tambayi likita. Abin da na ce shi ne Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Ya yi mini godiya, ya tafi. Daga ranar na daina bi ta layinsu, don ba na son ganin mutum yana ƙarewa.

Bayan sati shida, wata Litinin da hantsi, Matiron ta shigo ɗakin kati ta ce in fito mata da fayilolin waɗanda aka ba ranar tiyata ba su zo ba. Tana dubawa ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan na Malam Iliya.

"Wannan kuma me ya hana shi? Kitse ne fa. A yi masa allurar kashe zafi, a cire, ya koma gida ya ci tuwonsa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, kitse kamar yaya? Na ga oma."

"Lip ɗin da ke gaba fa? Shi ne kitse. Ƙullutun kitse. Da ba ka gudu daga aji ba, a sati na huɗu muka yi shi." Sai ta ɗago ta dube ni. "Malam Haruna, me ya sa kake gumi?"

Zan iya yin shiru, babu wanda ya ji mu ranar. Amma bakina ya riga ya faɗa mata komai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira lambar wayar da ke kan fayil, a kashe. Ta ce, "Ka riƙe wutsiya ba ka duba ko akuya ce ko kura ba. Takardar tuhuma za ta jira ka. Ɗauki babur ɗinka ka kawo mini mutum."

Na tarar da rumfarsa a rufe. Katakan da yake ɗora huluna su bushe suna jere a gindin bango, babu hula ko ɗaya. Matarsa, Ladidi, ta yi mini iso. Ta ce ya mayar wa kowa hularsa, ya daina karɓar aiki, har wasiyya ya bari.

Wari ne ya fara tarbata. Yana kwance a gefe ɗaya, jikinsa zafi rau. Wani mai magani daga wajen Mando ya ba shi haɗin shafawa wanda wai zai cinye dajin. Fata ya cinye. Inda na san ƙullutu lafiyayye, yanzu gyambo ne mai fitar da mugunya.

Na durƙusa na ce, "Malam Iliya, na cuce ka. Ba daji ba ne. Kitse ne. Ban san kalmar ba, na yi maka kamar na sani."

Ladidi ta ce daga bakin ƙofa, "Sati shida ban ga barcin kirki ba, Malam. Ashe karambani ne?"

"Karambani ne, ba ni da abin cewa."

Shi kuwa sai ya yi wata dariya marar ƙarfi. "Kitse? Ni da ba na ganin nama sai da Sallah?" Sannan fuskarsa ta canza. "Kai ka ce daji, kai kuma ka ce kitse. Wanne zan ɗauka?"

Na ce, "Kada ka ɗauki ko ɗaya. Taso ka ji daga bakin wanda ya sani."

"In kuma suka sa mini ƙarfe ya tashi fa?"

Ladidi ce ta raba gardamar. Ta ɗauko masa riga ta ce, "Wanda bai sa maka ƙarfe ba, ga abin da ya yi maka. Tashi." Na tsayar da keke mai ƙafa uku, muka ɗora shi, na bi su a baya.

Likitan da ya duba shi ya ce da an ƙara 'yan kwanaki, da ruɓar ta shiga jini. Aka kwantar da shi, ana wanke gyambon kullum ana ba shi magani. Sai da ya warke sannan aka cire ƙullutun, aka aika da shi ɗakin gwaji. Duk da abin da Matiron ta faɗa, hankalina bai kwanta ba, domin ita da kanta ta ce sunan da likita ya fara rubutawa zato ne mai ƙarfi, gwaji ne yake tabbatarwa.

Ranar da sakamako ya zo, ta kawo shi ɗakin kati ta ajiye a gabana. "Karanta. Daga kai."

Na karanta, kai sannan wutsiya. Kitse ne, babu komai a cikinsa. Na zauna a kan kwalin fayiloli ina hamdala. Da na miƙe zan ruga ɗakin da Malam Iliya yake, sai ta riƙe takardar.

"Ina zuwa? Har yanzu ba aikinka ba ne. Likita zai faɗa masa."

Na amsa takardar tuhuma, aka ba ni gargaɗi a rubuce, aka jinkirta mini ƙarin girma. Ban yi ƙorafi ba. Na koma aji na zauna a bencin gaba, masu dariya suka yi suka gaji. Na koyi kawuna da yawa: hepat hanta, nephr ƙoda, derm fata. Abin mamaki, da na san kalmomin sosai sai na ƙara jin tsoron fassara su. Matiron kuma ta sa aka daina ba marasa lafiya fayil, aka ajiye nas a bakin ƙofar likita tana yi wa mutane bayani da Hausa.

Malam Iliya yana nan da ransa, ya buɗe rumfarsa. Ya yafe mini, amma bai sake ni ba. Duk ranar da na kai hula, tun daga nesa zai ce, "Ku ba Likita wuri ya zauna." Sai in zauna, a yi dariya, domin na cancanci hakan.

Ku da kuke taga yanzu, ku je aji, ku koyi kalmomin nan kai da wutsiya, za su taimake ku kada ku shigar da kuskure. Amma ranar da wani ya rage murya ya ce ku duba masa, ina roƙonku don Allah kada ku yi abin da na yi. Ku tashi daga kujera, ku kama hannunsa, ku mayar da shi ƙofar da ya fito.