Baba Tanko da Fadamarsa ta Bayan Tasha

Duk wanda ya zauna a Agege zamanin da jirgin ƙasa ke lodin goro zuwa Arewa ya san Baba Tanko mutumin Haɗeja, Allah ya jiƙansa. Ba za ka faɗi magana gabansa ba sai ka ga ya ɗaga yatsu yana lanƙwasawa. Gaɓoɓin kalma yake ƙirgawa. Wai shi a iliminsa, darajar abu tana ga tsawon sunansa: raƙumi uku, kaza biyu, magana ta ƙare.

Ni ne maƙwabcinsa, ni nake rubuta masa wasiƙa da ajami. Wata rana na ce, "Baba, sarki biyu ne fa, ƙadangare huɗu."

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Malam, ka taɓa jin an tuɓe ƙadangare?"

Bayan tasha akwai wani wuri mai taɓo da kowa ke ratsewa. Baba na ganinsa ya tuna gida, ya naɗe wando ya shiga. Kafin shekara ta kewayo, ga rake, ga alayyafo, ga kuɓewa, matan unguwa na yi masa layi da kwanduna. Ba shi da ɗa a Ikko, ba shi da rumfa. Wannan lambu shi ne komai nasa.

Ana nan sai Salawu, akawun tasha, wani Bayarabe mai jin Hausa kamar jakin Kano, ya kawo takardar duba-gari. Ya ce Turawa sun rubuta wurin da sunan "suwam", amma shi a bakinsa numfashi ɗaya ya yi, kamar ya hura fitila.

Baba ya ɗaga yatsa ɗaya, ya tsaya jiran sauran. "Ƙarasa mana."

"Ai shi ke nan, Baba."

"Fadamar guda? Fa-da-ma, uku cif, su kuma su ba ta atishawa? To me take nufi?"

Salawu ya ce tana nufin ƙasar da ruwa ya kwanta a kai, matattarar sauro. Ya ce har mutumin da aiki ya yi wa katutu ana iya faɗa masa ita.

"Babu rake a ciki?"

"Babu."

"Kuɓewa fa?"

"Babu, Baba."

"To mayar musu. Ba tawa suke nufi ba."

Muka sha dariya, amma takarda ba ta dariya. Kwana bakwai aka ba shi. In duba-gari ya zo ya sami tsutsar sauro, za a malale ruwan da baƙin mai, a cike wurin da yashi. Na ce ya bari mu je mu ba da haƙuri. Ya ce haƙuri uku ne, yana da daraja, ba ya ba da shi a banza.

Sai ya yi aikin mutanen fadama. Ya yanka lambatu tsakanin kunya da kunya, ya ba ruwan hanya har ƙorama, don sauro ba ya son ruwa mai tafiya. Ramukan da suka ƙi tsanewa ya zuba musu ƙananan kifaye. Ya ari agwagin duk unguwa, wasu ma masu su ba su san an ara ba.

Ranar ta zo, duba-gari ya iso da farin wando da ludayinsa na ƙarfe. Ya kamfata nan, ya duba, ba komai. Ya kamfata can, sai ɗan kifi. Haushi ya sa ya matsa gaba inda Baba ya ce kada ya taka, taɓo kuwa ya karɓe shi har ƙugu. Ya miƙo hannu yana kiran a taimaka.

Baba ya tsuguna a bakin kunya, gorarsa a kafaɗa. "Oga, a ina ka maƙale?"

Mutumin ya faɗi ta Turanci.

"Ban san wurin ba."

Salawu, yana riƙe da ciki don dariya, ya raɗa wa duba-gari. Duba-gari ya ce, "Fadama."

"Sannu a hankali, kada ka haɗiye ko ɗaya."

"Fa. Da. Ma."

Sai da yatsu uku suka lanƙwashe sannan gora ta miƙa. Baba ya wanke masa ƙafa da kansa, ya ɗaura masa rake guda biyu a keke. Baƙin mai bai taɓa zuwa lambun ba har Baba ya koma ga Mahaliccinsa.

Ran da ciwo ya tsananta, na je gaishe shi. Ya ce in rubuta wasiyya: a kai shi tudu, kada a sa shi kusa da ruwa. Na ce, "Kai da fadamar taka?" Ya ce, "Abokiyar aiki ce, Malam, ba abokiyar kwana ba." Daga nan ya ɗaga hannu da ƙyar, ya lanƙwasa yatsu uku, leɓensa na motsi. Na sunkuya na ji abin da yake ƙirgawa: Al-jan-na.

Allah ka cika masa ƙirgensa. Ka sanyaya makwancinsa, ka ba shi lambun da ruwansa ke tafiya da kansa, inda ba mai zuwa da takarda. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.