Kifin da Muka Ci Kafin Sakamako Ya Fito

Shekarar da na shiga aji ɗaya na sanawiyya, wato babbar sakandare, muna zaune a unguwar Sa'alaba, a wani birnin Larabawa na bakin teku, a wani tsohon gida mai hawa biyu. Mu ne a ƙasa, wasu Hausawan Sudan a sama. Babana yana aiki a rumbunan kaya na tashar jiragen ruwa. Bai yi boko ba, amma kalma ɗaya ta makaranta ta zauna masa a baki: mu'addal, wato makin da ke nuna ƙoƙarin ɗalibi a dukkan darussa a dunƙule. Duk ɗan makarantar da ya shigo gidanmu sai ya tambaye shi nasa.

Da muka gama jarrabawar zangon farko, malamai suka riƙa faɗa mana makinmu tun kafin takardar sakamako ta fito. Tarihi na kusa cinye shi duka, haka labarin ƙasa da hadisi. Lissafi kuwa da ƙyar na tsallake. A motar makaranta na haɗa makin gaba ɗaya, na raba da yawan darussan. Sai ga casa'in da ɗoriya. Da gudu na shiga gida.

"Baba, na haye casa'in!"

Ya ajiye kofin shayinsa. "Da gaske, 'yata?"

"Wallahi, Baba."

"Halas, shi ke nan. Gobe kifi za a ci a gidan nan."

Washegari ya biya kasuwar kifi ya dawo da leda niƙi-niƙi. Umma ta dafa sayadiyya, shinkafar nan da soyayyiyar albasa ke mayarwa ja, aka kira mutanen sama. Baba yana ci yana maimaita casa'in ɗin ga duk wanda ya miƙo hannu cikin tire.

Bayan 'yan kwanaki takardar ta fito. Tamanin da 'yan kai. Na duba sunan da ke sama, nawa ne. Na nufi malamar lissafi, wata Bamisriya mai kaurin murya da muke kira Abla, idona cike da hawaye.

"Abla, an yi kuskure a nawa."

Ta duba, ta ja ni gaban allo. "Tarihi sau nawa kuke yinsa a mako?"

"Sau biyu."

"Lissafi fa?"

"Kullum, Abla."

"To ya binti, ai ba nauyinsu ɗaya ba. Kowane darasi ana ninka makinsa da yawan shigarsa aji a mako. Na tarihi ya shiga sau biyu, na lissafi sau biyar. A haɗa su duka, a raba da jimillar darussan mako. Ke kin ba kowa kaso ɗaya, shi ya sa."

Ta rubuta a allo, ya fito daidai da abin da ke takardata.

A gida na yi ƙoƙarin yi wa Baba bayani, amma Hausata ta kasa ɗauka, rabi duk Larabci ya kwashe. Ya yi ta kallon takardar da ba ya iya karantawa. Umma ce ta leƙo daga kicin ta ce, "To, kifin dai ya riga ya shige, ba mai dawo da shi." Baba ya yi dariya har da tari.

"Ke nan wanda ya fi ba ki wahala shi ya fi nauyi?"

"E, Baba."

"To yalla, a koma masa."

'Yar mutanen sama tana gabana da aji ɗaya. Lissafi a wurinta kamar wasa, nahawu ne ke sa ta kuka. Sai muka yi musaya. Bayan la'asar mu hau soro, mu shimfiɗa tabarma tsakanin igiyoyin shanya, ta koya mini nata, in koya mata nawa. Iskar teku mai ɗanshi ta riƙa manna mana shafukan littafi, ƙamshin gurasar tamis yana tasowa daga tandar bakin layi. Mahaifiyarta ta aiko da shayi mai na'ana'a. In na yi kuskure sai ta ɗan buge ni da biro a goshi, ta yi mini faɗa da Hausarta mai karin Sudan, in kwaikwaye ta, mu yi ta dariya har karatun ya watse. Ladanin magariba ne ke sauko da mu.

Makina ya ɗaga a zango na biyu, ko da yake har na gama ban taɓa son lissafi ba. Hawa soron nake so.

Da 'yar mutanen sama ta gama sanawiyya, kafilin mahaifinta, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rufe shagonsa, iƙamarsu, takardar izinin zama, ta ƙare, suka shirya komawa Sudan ta jirgin ruwa. Baba ya kai mu har ƙofar tashar. Umma ta ba ni ƙullin dabino da soyayyen nama in miƙa mata. Muka rungume juna, ta ce za ta aiko da saƙo in sun sauka, ta bi bayan mahaifiyarta. Muka tsaya a cikin rana har suka shige cikin jama'a, sannan Baba ya ce mu tafi kada mu rasa mota.