Illo, Wanda Ya Sauke Rawuna Daga Shafin Madarumfa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya raba wa bayinsa sana'o'i, ya ɓoye waɗansu masu alheri a ƙananan ɗakuna inda ido ba ya kaiwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya saba sallar asuba a unguwar masunta ta Madarumfa ya san tafiyar Malam Illo, kafaɗa a sunkuye, tabarau ɗaure da zare. Daga masallaci sai biron proje, wato ofishin shirin tallafa wa masu lambu. Can zai yaye tsohon zanen da yake lulluɓe ordinata, wato kwamfuta, da shi, in babu kuran na lantarki ya ja igiyar gurup, injin ba da wuta, har numfashinsa ya sarƙe, sa'annan ya zauna. Da gyaran keken rubutu ya fara a wannan biro tun gashinsa yana baƙi. Da aka kawo na'urar, shi kaɗai ya yarda ya koye ta, ita kuwa ta ci masa idanu a hankali.

A shekarar 1998 'yan asalin garin da ke zaune a ƙasashen waje suka roƙi a yi musu shafi a intanet, inda za su riƙa ganin labarin gida. Illo aka ɗora wa aikin. A Madarumfa yake rubutawa, ya zuba a faifan disket biyu, domin zafin hanya yakan lalata ɗaya. Ya hau moto zuwa Maraɗi, inda ake da layin talho, ya aika. Layin ya yanke, ya sake. Ya kuma yankewa, ya yi istigfari ya sake.

Dattawan ƙungiyar gari kuwa suka ce shafi tamkar zaure ne, ba a shiga sai an gaida manya. Kowannensu ya naɗa rawani aka ɗauke shi hoto, aka jera su bisa girma, labarin gari ya koma can ƙasa. Illo ya ce hotunan za su yi wa na'ura nauyi. Shugabansu Alhaji Hamisu ya yi dariya.

"Nauyi? Jaki ce, Illo?"

"Jaki ya fi ta, Baba Alhaji. Shi in ka ɗora masa kaya yakan kai gida."

Aka yi dariya, aka bar shafin yadda dattawa suke so.

Ana nan sai Ɗelu, tsohuwa mai bandar kifi a bakin tafki, ta dogaro sanda har biro. Ɗanta na fari, Alhassan, yana gyaran manyan motoci a Kwatano, ba shi da talho, amma an san yakan shiga shagon intanet ran Lahadi. Ba ta ambaci sunansa ba, kamar yadda uwa ba ta ambatar ɗan fari.

"Ɗan nan, an ce akwatinka yana kai magana. Ka gaya ma wancan na Kwatano shi taho. Jikin ya ƙiya."

"In Allah ya yarda, Inna."

Ya rubuta saƙon a wurin labarai, ya aika. Lahadi ta wuce, wata ta biyo ta, shiru. Ɗelu ta daina fitowa ko bakin ƙofa. Abin ya hana Illo sukuni. Da ya koma Maraɗi bai tsaya a na'urar da ya saba aikawa da ita ba, ya nemi tsohuwar ordinata mafi rauni a wani shago ya buɗe shafin, domin ya ga abin da talaka yake gani. Sai ga rawanin Alhaji Hamisu yana saukowa kaɗan-kaɗan, sai goshi, sai gira. Kafin a kai gemu layin ya yanke. Nan Illo ya gane saƙon Ɗelu da ke can ƙasa bai taɓa isa ga Alhassan ba.

A ranar ya rushe shafin ya sake gini. Ya ƙanƙanta hotunan, ya mai da su bayan layi guda: mai son ganin dattawa ya taɓa nan. A sama kuwa, kafin kowace gaisuwa, ya rubuta: "Alhassan ɗan Ɗelu mai banda, mahaifiyarka tana kiranka. Taho."

Labari ya riga shi isa gida.

"Ka sauke mana rawuna a gaban duniya," in ji Alhaji Hamisu, "ka ɗora mai kifi bisa kanmu?"

"Baba Alhaji, Allah ya ƙara muku lafiya, ku kuna iya jira. Ita ba ta iyawa."

Daga ranar waɗansu suka daina amsa masa sallama da sakin fuska. Ya ɗauki wannan ya haɗa da ciwon ido da ciwon baya, bai kai ƙara wurin kowa ba.

Alhassan ya iso ya tarar da ita da sauran numfashi. Waɗanda suke ɗakin sun ce ta kau da kai gefe ta ce, "An zo?" Shi ya riƙa ba ta ruwa, shi ya laƙƙana mata kalmar shahada da lokacin ya yi. A wurin zaman makoki ya ce da Illo, hawaye da murmushi a haɗe, "Wallahi Malam, rawanin Alhaji har na haddace shi, ban taɓa ganin abin da ke ƙasa ba." Alhaji Hamisu yana zaune kusa, ya ji. Da za a watse ya kama hannun Illo ya ce, "Bar shi yadda ka yi shi."

Kai ne, Illo, wanda ya auna aikinsa da na'urar talaka. Kai ne ka koya wa sakatariyar biro, Safiya, cewa a sa abin gaggawa a sama, a rage wa shafi kaya, a ajiye komai sau biyu. Yanzu proje ya ƙare, za a kwashe na'urar, kai kuma likita ya hana ka kallon gilashinta. Za ka koma lambunka na bakin tafki ba tare da an tara maka kowa ba. Mun gode. Ku masu tasowa a wannan sana'a, kafin ku ƙawata aikinku ku tuna da wanda yake jira a ɗaya ƙarshen layin.

Allah ya jiƙan Ɗelu, ya haskaka kabarinta, ya gafarta wa dukkan magabatanmu. Ya sanyaya wa Illo idanunsa. Kai kuma mai karatu, Allah ya sa kiran mahaifanka ya iske ka tun da sauran lokaci. Amin.