Malam Ma'aruf da darasin da ƙararrawa ta katse

Kullum kafin yara su iso, Malam Ma'aruf ya riga ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin darbejiyar makarantar da yake koyar da kimiyya a yankin Sandamu da ke ƙasar Daura. Mutum ne mai tsoro, shi ma ba ya musu. Ko kare ya hango sai ya canza hanya.

Wata shekara, ranar da za a tafi hutun damina, ya ɗauko wa ɗalibansa labarin manyan tarin taurari, garkunan taurari kamar yadda yake kiransu. Ya ce idan garke biyu suka haɗu, iskar gas ɗin da ke cikinsu takan matse, a haifi sababbin taurari bila adadin. Daga nan wani baƙin rami mai haɗiye komai da ke tsakiyar garken ya samu abin haɗiya, kewayensa ya ɗauki zafi, ya feso iskar da za ta kore gas ɗin, haihuwar ta tsaya cik. Ya ce namu garken ma akwai wani garken da ya doso shi. Nan aka kaɗa ƙararrawa, yara suka watse, bai kai ga faɗin yaushe ba.

Mako bai zagayo ba maganar ta cika ƙauyuka, wai Malam ya ce duniya ta kusa tashi. Wata ɗalibarsa, Mardiyya, ta daina cin abinci, ko tsakar gida ba ta fita. Mahaifinta Alhaji Kabo, dillalin shanu, ya aiko cewa ita da boko har abada.

Hankalin Malam ya tashi matuƙa, don ya san bakinsa ne ya jawo. Ya bi ɗalibansa gida-gida cikin taɓo, ya bar gidan Alhaji a ƙarshe saboda tsoro. Ya same shi a zaure, ya yi sallama.

"Kai ne ka san ranar tashin duniya?" in ji Alhaji.

"Alhaji, wannan sai Allah. Darasi na bari a rabi, na zo in ƙarasa, in ka yarda."

Aka kira Mardiyya. Malam ya ce maganar biliyoyin shekaru ce, masanan ma ba su tabbatar za a haɗu ba, kuma tazarar da ke tsakanin taurari ba ta cika bari su yi karo ba.

"Malam, kai ba ka jin tsoro?" in ji ta.

"Ina ji ƙwarai, 'yata. Har yau in na tuna girman abin, gabana faɗuwa yake yi. Amma ranar komawa za ki same ni a aji."

Alhaji ya dubi 'yarsa. Sannan ya ce wa Malam, "Ta koma. Amma in ka fara magana, ka kai ƙarshenta."

Malam, kai ne matsoracin da bai taɓa guje wa aji ba. Mu mutanen yankin nan mun gode, Allah Ya saka da alheri.

A watan nan Malam Ma'aruf zai yi ritaya, kuma abin da ke ba ni tsoro, har yanzu ba a turo madadinsa ba. Mardiyya tana jami'a tana karantar kimiyyar, ta ce za ta dawo, amma da sauranta. 'Yan Daura da kuka yi karatun nan, wani ya taso ya riƙe allin kafin ta iso.